Na samu ABU Zariya, don Allah waɗanda suka yi can wane irin mutane zan tarar?

Ɗan Haɗejia:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara ne daga yayyenmu da suka yi karatu a ABU ko suke ciki yanzu. Alhamdulillah sunana ya fito, an ba ni injiniyan noma a Samaru, murna dai an yi ta a gida har da su rabon alawa amma tun shekaranjiya da kawuna ya zo ya zauna da Baba sai gaba ɗaya jikina ya yi sanyi, wai shi ya san Zariya, wai yaran da aka tura can shiru-shiru suke tafiya su dawo ido a tsaye, wai gara a jira a nema min BUK ko Dutse tunda sun fi kusa kuma za a dinga sa min ido. Baba bai ce komai ba tukuna amma na ga maganar ta shige shi.

Ni gaskiya ban taɓa zama a wani gari ba in ba Haɗejia ba, sakandare ma jeka-ka-dawo na yi, Turancina na rubutu ba laifi amma in aka ce in tsaya in yi magana a gaban mutane sai bakina ya ɗaure. To shi ne nake tambaya, wane irin ɗalibai ne a can? Da gaske ne sai mai kuɗi ko ɗan gayu ke jin daɗin zama? Wanda ba shi da surutu irina yaya yake samun abokai? Kuma a hostal da su wa ake haɗa mutum, kai kake zaɓa ko kawai jefa ka za a yi cikin waɗanda ba ka sani ba? Ba maganar karatu nake tambaya ba, wannan na san sai an dage, zaman da mutane ne yake damuna. Na gode.

Injiniya Gobe:

Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya sanya alheri, barka da shigowa. Ina aji huɗu yanzu a Samaru, kusa da ku ma muke. Kawunka ba ƙarya ya yi ba ɗari bisa ɗari amma wallahi rabin labarin ya bayar.

Abin da zai fara ba ka mamaki ranar da ka shigo ta Main Gate shi ne ba garin Hausawa ka shigo ba, Najeriya ce gaba ɗayanta aka zuba a wuri ɗaya. A layin rijista kaɗai za ka ji Yarbanci, Nufanci, Tibi, Igala, Barbarci, Fulatanci, ga mutanen kudancin Kaduna da Filato da Hausarsu ta fi taka sauri, ga Turancin buroka da shi ne kusan yaren hostal. To kai da kake kukan bakinka na ɗaurewa, kwantar da hankalinka, babu mai lokacin gyara maka Turanci, kowa ta kansa yake. Wata biyu za ka ji kanka kana buroka da mai kwana a gadon samanka ba ka ma san lokacin da ka koya ba.

Ɗaki kuwa ba kai kake zaɓar mutane ba, gado kake kamawa a intanet in Allah ya sa ka dace, duk wanda ka tarar shi ne naka. Maza akwai ICSA da Ramat, akwai Danfodiyo, akwai na Ɗangote can Phase 2 mai nisan tsiya, wanda bai samu ba ya nemi haya a Samaru ko Hayin Dogo ko Palladan ko kuma ya raɓu da wani a gadonsa, abin da ake cewa skwatin. Ɗakin da na fara zama akwai wani ɗan Binuwai da kullum asuba in na tashi alwala shi ma ya tashi ya durƙusa gefen gado yana addu'arsa da waƙa ƙasa-ƙasa, farko abin ya yi min wani iri, daga baya shi ne in na makara yake buga ƙafar gadona ya ce malam an kira salla fa. Da azumi shi yake dafa mana taliya kafin mu dawo daga lakca saboda ya san a gajiye za mu shigo, da Kirsimeti ya dawo mana da doya har da man ja a galan. Har yau ban taɓa jin ya ce min komai a kan addinina ba nima ban ce masa ba, ƙwallo kawai muke faɗa a kai don shi ɗan Chelsea ne.

Mutane kala-kala ne gaskiya. Akwai waɗanda tun satin farko sun kama kujera a KIL, wato laburaren Kashim Ibrahim, su ba ka ganinsu ko'ina sai can da aji da dare, su ne 'yan TDB masu kwana karatu har gari ya waye da bargo da fulas ɗin shayi, kuma abin haushi wasu daga cikinsu in sakamako ya fito sai ka ga ba su fi mai barci ba. Akwai ustazai, su kuma rayuwarsu tsakanin masallaci da ofishin MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, take, kar ka raina su don tutoriyal ɗin da suke shirya wa 'yan aji ɗaya kyauta ya ceci mutane da yawa daga faɗuwa lissafi da fiziks, haka su ma 'yan FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, suke yi wa nasu. Akwai 'yan gayu 'yan Kaduna da Abuja da Kano masu mota da turare, yamma ta yi ka gansu wajen Social Centre ko bakin Amina, hostal ɗin mata, suna ta shawagi, waɗannan su kawunka ya gani ya ɗauka kowa haka yake, alhali su ne mafi ƙaranci kawai dai sun fi kowa fitowa fili ne. Akwai 'yan siyasa da tun aji biyu sun fara saka babbar riga ana ce musu distingwish ko kwamared, in ka ga mutum ya gaishe ka da hannu biyu yana tambayar ya gida ya su Mama alhali bai san ka ba to zaɓe ya kusa. Sai 'yan kasuwa, mai sayar da data, mai gyaran waya, mai aski a ɗaki, mai ɗinkin hula, waɗannan su na fi girmamawa don da yawansu da kuɗin suke biyan rijista.

Amma mafi yawa irinka ne wallahi, yaran talakawa da aka haɗo musu garin kwaki da shinkafa da wake da yaji a buhu, risho ɗaya mutum uku, in wata ya yi nisa a koma garau-garau ba ko mai sosai. Babu wanda zai yi maka dariya don kana cin garau-garau, sai dai ya ɗauko cokalinsa.

Maman Hanif:

Ƙanena Allah ya sa a fara a sa'a. Ni reshen ABU na Kongo na yi, ɓangaren shari'a, na gama shekarun baya. Injiniya ya yi maganar Samaru kamar ita kaɗai ce ABU, halinsu ke nan dama, su a wajensu mu 'yan Kongo 'yan sakandare ne saboda muna saka baƙi da fari kuma makarantarmu ƙarama ce a cikin gari kusa da Tudun Wada. Mu kuma muna ganinsu a matsayin mutanen daji masu tafiyar ƙafa, duk wanda ka gani takalminsa ya yi ja da ƙura ɗan Samaru ne. 'Yan likitanci kuwa da zarar sun koma asibitin koyarwa na Shika shi ke nan sun zama wasu mutane daban, sai a wajen biki. A Kongo kowa ya san kowa, in ka yi abu da safe kafin azahar an ji, a Samaru kuwa za ka iya shekara huɗu da mutum ba ku taɓa haɗuwa ba, to ka ga ga mai kunya irinka wannan yana da daɗi yana kuma da haɗari, don in ka ɓoye kanka babu wanda zai zo nemanka.

Abin da nake so in ja kunnenka a kai wanda maza ba za su faɗa maka ba shi ne zama da mata a aji. Kai da ka fito daga inda wataƙila ba ka saba ba, za ka ga mace ta zo ta zauna kusa da kai ta ce ara min littafinka ko ta karɓi lambarka saboda aikin rukuni, don Allah kar ka ɗauka sonka take, kuma kar ka ɗauka 'yar iska ce. Yaranmu na Arewa da yawa a nan suke rikicewa, ko dai su fara rubuta mata saƙon soyayya da tsakar dare ta bar kula su gaba ɗaya, ko su koma gefe suna zagin tarbiyyarta. 'Yar ajinku ce kawai, ta zo neman abin da ka zo nema. Akwai masu niƙabi akwai masu hijabi har ƙasa akwai masu gyale akwai waɗanda ba sa rufe kai don ba addininsu ba ne, kuma na rantse maka ba a gane mai hankali da mai ƙoƙari ta nan, wadda ta fi kowa maki a ajinmu ko magana ba ta cika yi ba, kullum tana kujerar baya tana cin gyaɗa.

Maganar lalacewa kuma, eh ana lalacewa, ban ɓoye maka ba. Na ga yaron da ya zo da allonsa na hadda a jaka, zuwa aji uku an daina ganinsa a masallaci an fara ganinsa a inda bai kamata ba, ba kuma wani ne ya ɗaure shi ya kai shi ba, abokai ya yi waɗanda suka fi shi kuɗi yana jin kunyar ya ce ba shi da shi, daga rakiya aka fara. Zama da maɗaukin kanwa dai ka san sauran. Amma na ga waɗanda suka zo a lalace daga gida, iyayen ba su sani ba, sai a makaranta abin ya fito fili aka ɗora wa Zariya laifi. Ka nemi ƙungiyar ɗaliban jiharku tun satin farko, 'yan Jigawa suna da yawa kuma suna riƙe junansu, a nan za ka samu wanda zai nuna maka ofis-ofis lokacin rijista ya ba ka tsofaffin takardun jarabawa, sai dai kar ka maƙale a cikinsu kaɗai har ka gama ba ka da aboki ko ɗaya da ba Bahaushe ba, na san masu irin wannan kuma da aka tura su bautar ƙasa kudu sun sha wuya.

Tsohon Ɗan Suleiman:

Yaro Allah ya yi maka albarka. Jikata ce ta nuna min wannan tambaya na ce bari in sa baki. Ni na yi Samaru a shekarun 1980, lokacin muna kwana a hostal ɗin Suleiman, ana ba mu abinci a kafteriya da tikiti kafin a soke.

Ka gaya wa kawunka wannan tsoro nasa ya girme ka. Tun da Sardauna ya kafa makarantar a 1962 ake cewa za ta lalata yara, mu a zamaninmu ba gayu ake tsoro ba, cewa ake za mu dawo 'yan gurguzu marasa kunya masu yi wa sarakuna gardama. Kuma akwai ƙamshin gaskiya, domin lokacin marigayi Dakta Bala Usman yana koyar da tarihi, in aka ce zai yi lakca ta jama'a har 'yan kimiyya da 'yan likitan dabbobi barin ajinsu suke su zo su tsaya ta taga. Akwai Patrick Wilmot mutumin Jamaika a sashen nazarin zamantakewa wanda gwamnatin soja ta kore shi daga ƙasar a 1988. A ɗaki sai mu raba dare muna musu a kan mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu da bashin IMF, yaron da ko takalmin kirki ba shi da shi zai tsaya ya yi maka bayanin tattalin arzikin duniya kuma ya yi daidai. 'Yan MSS da 'yan gurguzu kullum cikin muhawara, a yi kamar za a doku, da magariba a haɗu a kwano ɗaya.

Abin bai tsaya a baki ba. A 1978 an yi zanga-zangar da ake kira Ali Must Go a kan ƙarin kwabo hamsin na kuɗin abinci, an rasa rayuka a Zariya. Tunawa da wannan ce ta jawo rikicin 1986 lokacin Farfesa Ango Abdullahi yana shugaban jami'a, ranar 23 ga Mayu 'yan sanda suka shigo aka harbe ɗalibai, daga nan wutar ta kama sauran jami'o'in ƙasar. Duk wanda ya ga wannan rana ba ya son a maimaita ta. Shi ya sa in na ji yaran yanzu suna kiran kansu kwamared saboda suna neman kujerar ƙungiya a ba su ofis da fanka sai in yi murmushi kawai. Ban ce ku koma irin namu ba, zamani ya canza, amma ina jin takaici in na ziyarci makarantar na ga kowa kansa a sunkuye a waya, ko majalisar musu babu.

Abu ɗaya da na ga bai canza ba shi ne girman kan ɗan ABU, mu ma muna da shi. Duk ofishin da ka shiga a ƙasar nan za ka tarar da ɗaya, kuma da ya ji ka ce Samaru ka yi sai fuskarsa ta sake ya tambaye ka wane hol ka zauna. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ma can ya yi.

Ɗan Kabuga:

To fa, 'yan ABU an samu abin yi, yanzu sai a cika mu da kirarin nan nasu na wai su tun fil azal a gaba suke. Ɗan Haɗejia kar ka bari su ruɗe ka, BUK ma jami'a ce ba islamiyya ba kamar yadda suke mana gori, kuma kawunka in yana ganin a Kano za a sa maka ido to bai san New Site ba, daga Rijiyar Zaki zuwa can wa zai bi ka? Mai lalacewa ko a ɗakin babarsa sai ya lalace. Bambancin da na yarda da shi ɗaya ne, mu yawancinmu 'yan gari ne, ana tashi daga lakca kowa ya hau adaidaita ya koma gida, Hausa ake yi ko'ina har a bakin aji, to ba ka samun cakuɗuwar nan da Injiniya yake faɗa sosai. Su kuwa an kulle su a Samaru da sanyi dole su saba da juna. Baba Tsohon Ɗan Suleiman a gafarce ni, na san za ka ce BUK ɗin ma daga cikin ABU ta fito lokacin tana Kwalejin Abdullahi Bayero, mun ji mun yarda, amma ai ɗa yana fin ubansa.

Ɗan Haɗejia:

Kai amma na gode ƙwarai wallahi, ban zaci zan samu amsa haka ba. Baba na gode Allah ya ƙara girma da lafiya, Anti Maman Hanif na ji kuma in sha Allah zan kiyaye. Na karanta wa Babanmu wasu daga ciki jiya da daddare, da na zo wajen ɗan Binuwai mai tashin mutum salla sai da ya sa na maimaita masa, bai dai ce komai ba amma da safe ya tambaye ni nawa ne kuɗin mota zuwa Zariya. Yaya Injiniya saura tambaya ɗaya, da wane kaya zan zo, kuma da gaske ne ana yi wa sababbi wulaƙanci?

Injiniya Gobe:

Hhhh Ɗan Kabuga za mu haɗu, ɗa yana fin ubansa amma ba a gaban uban ake faɗa ba.

Ƙanena wulaƙanci irin na makarantar kwana babu shi, ba wanda zai aike ka ɗebo ruwa ko ya sa ka tsallen kwaɗo, tsokana ce kawai, za a kira ka jambito kuma ba sai ka faɗa ba ana gane ku, fayil a hammata, sabon takalmi, ana tafe ana kallon saman Senate Building ana tambayar hanya. Ka yi dariya kawai ka wuce, baɗi kai ma za ka yi wa wasu. Wanda za ka yi hattara da shi shi ne mai zuwa da fara'a fiye da kima ya ce kawo kuɗinka in biya maka ko ina da gado na sayarwa, komai ka biya da hannunka ka riƙe rasit, ka yi hoton kowace takarda kafin ka miƙa.

Kaya kuwa kar ka kwaso da yawa zuwan farko tunda ba ka san inda za ka sauka ba. Bokiti biyu, kwaɗo mai kyau na kulle loka, ƙaramar katifa, risho da tukunya, tocila, abin jona caji mai baki da yawa don shi kaɗai ma zai samo maka abokai a ɗaki. Bargo mai kauri da rigar sanyi da man shafawa kar ka yi wasa da su, na san Haɗejia ma ana sanyi amma iskar da take tasowa daga wajen dam a watan Disamba da Janairu in kana da lakcar ƙarfe bakwai sai ka ji kamar ka koma gida. Takalmi mai daɗin tafiya don za ka taka ƙasa sosai. In Mama za ta haɗa maka yaji da kuka da daddawa da ƙuli kar ka ce kunya kake ji, a ƙara ma. In ka sauka a Kwangila ka hau motar Samaru ka ce a sauke ka Main Gate, ka turo min saƙo ta akwati kwana ɗaya kafin ka taso in ba ni da aji zan fito in tare ka, in ina da shi zan turo wani ɗan Gumel da muke ɗaki ɗaya.